Tambayar Shiru

Masu iya magana sun ce shiru ma magana ce. Mu mazauna Maiduguri ba za mu ja da magabata ba, sai dai mu ƙara da cewa magana ce mai wuyar fassara, domin ba ta zuwa da dalilinta a hannu. Wanda ya kira ɗan'uwansa a waya bai same shi ba, ba shi da hanyar sanin ko batir ne ya mutu, ko layi ne ya ɗauke, ko kuwa mai wayar ne wani abu ya sama. Duka ukun da murya ɗaya suke amsawa. Garin nan kuwa ya zauna da irin wannan shiru har sau uku a cikin shekara 11, kowanne da nasa ɗaci.

Na farko ya zo a 2013. Ranar 14 ga Mayu Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa, bayan 'yan kwanaki aka rufe layukan wayar salula don a yanke wa 'yan Boko Haram hanyar magana da juna. Adamawa da Yobe sun ga layinsu ya dawo a watan Yuli, Borno ta fi su daɗewa. Jama'a suka koma ba direbobi wasiƙa a tasha, kai ka ce ba a taɓa yin shekarar 2001 ba, wadda a cikinta salula ta shigo ƙasar nan. Na biyu a Janairun 2021, sa'ad da aka tarwatsa turakun babbar wayar lantarki mai zuwa daga Damaturu. Aka gyara a watan Maris, aka sake tarwatsawa cikin kwanaki, gari ya kusan shekara a duhu. Layi yana nan a lokacin, amma waya ba ta magana sai da caji, caji kuwa ya zama hajar sayarwa a bakin titi.

Na uku shi ne daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin 10 ga wata, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Wannan madatsa, wadda aka gina a kan kogin Ngadda a shekarun 1980, tana da nisan kimanin kilomita 20 daga gari. Ruwa ya ci Fori da Gwange da Galtimari da Bulabulin, ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Litinin da asibitin koyarwa da gidan namun daji, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Dattawa sun tuna ambaliyar 1994, suka ce wannan ta dame ta ta shanye. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ruwa ya yi kwanaki yana hauhawa, kowa ya ga Ngadda ta cika ta batse. Abin da mutumin Gwange bai samu ba shi ne sa'a, wato wanda zai buga masa ƙofa da tsakar dare ya ce, "Yanzu ne, tashi."

Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa malamin adabi da kayan lantarki? Abin da ya haɗa kowa ne: ambaliya. Bayan ruwa ya janye, wasu ɗalibai masu karatun injiniya suka ɗauri aniyar haɗa 'yar na'ura da za ta riƙa auna tsayin ruwan kogi tana aiko da labari ta iska, ba tare da dogaro da layin salula ko wutar gari ba, tunda sun ga yadda duka biyun suke tafiya a ranar da aka fi bukatarsu. Suka zo mana da 'yar bukata, wai mu tsara musu kalmomin gargaɗi da Hausa wadda tsohuwa da yaro za su gane a ji ɗaya. Aikin rabin sa'a ne. Amma da muka ga abin da ke kan teburinsu sai ƙafa ta ƙi tashi, muka yi watanni muna zuwa kallo, muna tambaya, a wasu ranakun muna riƙe musu littafin rubutu.

Abin da ke kan teburin shi ne abin da muka ga ya dace a kira allon gwaji. Ita ƙwayar rediyon kanta ba ta kai farcen ɗan yatsa girma ba, ƙafafunta kuma sun yi ƙanƙanta ƙwarai, hannu ba ya iya ɗaura musu waya. Saboda haka masu ƙera ta sukan ɗora ta a kan wani ɗan allo mai faɗin tafin hannun yaro, su fito da kowace ƙafa fili, su sa mata bakin eriya da bakin kebul da ɗan ƙwan fitila, domin mai koyo ko mai ƙira ya gwada halinta kafin ya sa ta a cikin kayan da zai fitar. Kalmar allo ta zauna daram a nan. Yadda almajiri yake rubuta allonsa, malam ya duba, a wanke, a sake rubutawa, haka ake rubuta umarni a kwamfuta, a tura shi cikin wannan allo, a ga abin da zai yi, a goge, a sake. Mun ƙirga wankin allo sama da arba'in a yamma ɗaya.

Irin rediyon da suka zaɓa ana ce masa LoRa, gutsuren kalmomin Ingilishi biyu masu nufin dogon zango. Wani ƙaramin kamfani mai suna Cycleo ne ya ƙirƙiro dabarar a Grenoble ta ƙasar Faransa, kamfanin Semtech na Amurka ya saye shi a 2012. Ƙwayar da ke hannun ɗaliban ita ce SX1276, an haɗa ta da wata ƙaramar ƙwaƙwalwa mai suna ESP32 ta kamfanin Espressif na Shanghai, ana kuma rubuta mata umarni da manhajar Arduino, wadda ta samo asali daga garin Ivrea na Italiya a 2005. Wannan rediyo ba ya ɗaukar murya balle hoto. A saitinsa mafi nisa, haruffa kaɗan ne yake iya aikawa a saƙo ɗaya, kuma a hankali yake furta su. Ladan wannan haƙuri shi ne nisa da tattalin wuta: ƙarfinsa duka bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wat ba, amma yana iya ratsa kilomitoci, idan ya yi barci kuma kusan ba ya taɓa batir.

Yadda yake magana ya burge mu a matsayinmu na masu nazarin harshe. Ba ya tsayawa a kan sauti ɗaya. Yana yin wani abu ne kamar feɗuwa mai hawa daga ƙasa zuwa sama, in ta kai ƙarshe ta faɗo ta sake hawa, ma'anar kuma tana cikin gurbin da feɗuwar ta fara. Bahaushe, wanda yake bambance kalmomi da hawa da saukar murya, wanda kuma ya san kalangu yana kiran sunan mutum ba tare da baƙi ko wasali ba, ba zai sha wahalar gane wannan ba. Saboda mai karɓa ya san siffar feɗuwar tun da farko, yana iya tsamo ta ko da hayaniyar iska ta fi ta ƙarfi, kamar yadda uwa take jin kukan ɗanta a tsakiyar Kasuwar Litinin.

Wannan duka a takarda ne. A kan tebur kuwa, ranar farko, allo biyu suka zauna suna kallon juna, ɗaya ya ce ya aika, ɗaya bai ce komai ba. A nan ne ainihin aikin yake farawa, aikin da Turawa suke kira cire ƙwaro. Ana yawan danganta lafazin da wani malam-buɗe-littafi na dare da abokan aikin Grace Hopper suka ciro daga cikin wata kwamfuta a Jami'ar Harvard a 1947, suka manna shi a littafin aiki, ko da yake kalmar ta girmi wannan rana. Mu ba mu ga dalilin aro ƙwaron wasu ba. Abin da muka gani da idonmu ya fi kama da bin sawu: dabba ta ɓace, ba ta bar saƙo ba, sai a sunkuya a karanta ƙasa.

Wahalar ita ce shirun mai karɓa ba ya nuna inda ciwon yake. Tsakanin yatsan da ya danna da rubutun da ake jira ya fito akwai gaɓoɓi kusan goma, ko wacce ta karye sakamakon ɗaya ne. Matashi kuwa da zafin jini, in ya ga shiru sai ya canja abu biyar a lokaci guda, ya sake waya, ya sake eriya, ya sake umarni, in abin ya tashi bai san me ya tashe shi ba, in ya sake mutuwa gobe ya koma inda ya fito. Wanda ya yi musu maganin wannan wani dattijo ne mai gyaran rediyo, wanda ya soma sana'arsa tun zamanin da gidaje suke kama BBC Hausa a gajeren zango da akwatin katako. Bai taɓa jin sunan LoRa ba. Ya dube su ya ce, "Samari, ku taɓa abu ɗaya, ku saurara. In bai yi ba ku mayar da shi yadda yake, sannan ku taɓa na biyu." Suka ce, "Baba, ai lokaci zai tafi." Ya ce, "Wanda kuka ɓata tun safe fa, na wane ne?"

Daga ranar aka sayo littafi mai layi, kowane canji da layinsa: ƙarfe nawa, me aka taɓa, me aka gani. Aka kuma soma daga tushe, wato wuta. Kebul ɗin farko da aka haɗa allo da kwamfuta ya kunna fitila, amma kwamfuta ba ta ga allon ba, domin akwai kebul na caji kawai wanda ba a sa masa wayoyin ɗaukar bayani ba, a ido kuma ba ya bambanta da ɗan'uwansa. Masu gyaran waya na Kasuwar Jagwal sun san wannan kamar yunwar cikinsu, cikin minti ɗaya suka ware musu na kirki. Sai batun ƙarfin wutar. Ƙwayar rediyon bolt 3.3 take ci, wanda ya ba ta bolt 5 na tsohon allon Arduino Uno kai tsaye yana iya ƙone ta, ba hayaƙi ba ƙauri, ta mutu tana kama da mai rai. Akwai kuma wani mugun hali: tana zaune tana shan wuta kaɗan, amma a daidai lokacin aikawa sai ta zuƙi fiye da ninki goma na abin da take sha a wajen sauraro. In batir ya yi rauni ko waya ta yi siriri, wutar sai ta faɗi, ƙwaƙwalwar ta suma ta farfaɗo, ta soma komai daga farko. Mai kallo sai ya ga na'ura tana ta gaisuwa ba ta taɓa kaiwa ga magana ba. Dattijon nan ya ɗaura mata kwandansa a bakin wuta, wato ɗan rumbun da yake tara lantarki ya saki a lokacin bukata, suman ya tsaya.

Bayan wuta sai a tabbatar ƙwaƙwalwa da rediyo suna jin juna, tun kafin a yi zancen iska. Wayoyi huɗu ne suke ɗaukar hirarsu, ga na sake tayarwa, ga wanda rediyo yake ɗaga hannu da shi in saƙo ya iso. In aka musanya biyu, ko umarni ya ambaci ƙafa ta 18 alhali an soke wayar a ta 19, shiru ne. A nan muka ga wata dabara da ta yi mana daɗi. A cikin ƙwayar akwai wani ɗan gurbi da masu ƙira suka rubuta lamba wadda ba ta canjawa. Kafin komai sai a tambaye ta wannan lamba. In ta faɗa daidai, an san tana raye kuma wayoyi suna kan hanya, sai a cire su daga zargi. In ta amsa da sifili zalla, ba sai an hau rufi ana juya eriya ba, ciwon yana kan tebur. Sallama ke nan kafin shiga gida: wanda bai amsa sallama ba, ba a soma ba shi labari.

Mu da muka yi shekaru muna gwama kwafe-kwafen tsofaffin rubuce-rubucen ajami, wannan tsari bai zame mana baƙo ba. Mai tahƙiƙi yakan sami baiti ya karye a kwafi ɗaya, ba ya ɗaukar alƙalami ya gyara da ka. Yakan nemo kwafi na biyu da na uku, ya jera su, ya ga a ina suka rabu, ya tambayi kansa ko ɗigo ne ya faɗi, ko idon mai kwafa ne ya tsallake layi saboda layuka biyu sun ƙare da kalma ɗaya. Haka ɗaliban suka koyi ajiye allo guda wanda aka tabbatar da lafiyarsa, ba a taɓa shi, ba a gwaji a kansa, shi ne uwar kwafi. Duk wanda ake zargi sai a gwama shi da wannan. Mun sha gaya wa ɗalibanmu na adabi cewa shakka sana'a ce mai ƙa'ida, suna ɗauka zancen malamai ne. Ga shi mun tarar da ita a hannun masu dalma da ƙarfen narka ta.

Mataki na gaba shi ne yarjejeniya. Allo biyu ba sa jin juna sai sun daidaita a kan abubuwa da dama: zangon da za su haɗu, faɗin hanyar, saurin feɗuwar wanda ake zaɓa daga 7 zuwa 12, da wata 'yar kalmar shaida da ke gaban kowane saƙo. Ɗaya ya saɓa, mai karɓa ba zai ce ya ji wani abu bai gane ba, zai yi kamar ba a yi magana ba sam. Zangon ma iri-iri ne. Akwai allunan megahaz 433, akwai na 868 da ake amfani da su a Turai da yawancin Afirka, akwai na 915 na Amurka, a kasuwa kuma kamarsu ɗaya, sai an duba ɗan tambarin da ke bayansu. Iska kuwa tana da mai ita: a ƙasar nan Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ce take tsara wanda zai yi magana a kowane zango da kuma iyakar ƙarfinsa, mai hankali yakan duba ƙa'idarta kafin ya ɗaga murya.

A kan eriya muka fi daɗewa, kuma ta cancanta. Tsawonta ba ado ba ne, lissafi ne: rubu'in tsawon igiyar zangon. A 868 santimita 8.6 ke nan, a 433 kuwa santimita 17.3. Guntun waya da aka yanka daidai ya fi doguwar eriya mai ƙyalli wadda aka yi don wani zango. Ba a kuma aikawa babu eriya, domin ƙarfin da bai sami hanyar fita ba yakan komo ya illata ƙwayar. Amma abin da ya cinye musu kusan mako guda wani abu ne da ido ba ya gani. Alluna suna jin juna a ɗaki ɗaya, da an fita ƙofar gida sai shiru. An zargi bango, an zargi batir, an zargi umarni. Wata ɗaliba ce ta kwance eriyar ta leƙa cikin bakinta, ta ce, "Malam, duba nan, babu allura." Ashe bakin eriya iri biyu ne masu zare ɗaya: a wani allurar tsakiya tana jikin eriya, a wani tana jikin allo. In aka haɗa rami da rami, za su ɗauru tam, su yi kyau a ido, alhali ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba. Ɗan abin da ke yoyo ta gefe shi ne yake isa ƙetaren tebur, har ya sa mutum ya ɗauka komai lafiya.

Wannan ya koya musu kada su gamsu da cewa saƙo ya iso. Kowane saƙo yana zuwa da awon ƙarfin da ya iso da shi, lamba ce mai alamar ragi a gabanta. Kusa da juna akan ga wajen 40 ko 50, can ƙarshen ji kuwa ana gangarawa wajen 130 da ɗoriya. Allon da ke nesa da taku biyar amma yana nuna 100, ya iso dai, sai dai da rarrafe ya iso.

Sai kuma Maiduguri kanta ta shigo cikin gwajin, domin kundin bayanin da kamfani ya rubuta bai san watan Afrilu a Borno ba. Don neman ƙarin nisa, ɗaliban suka matse faɗin hanyar sosai. Da dare abin ya yi kyau, da hantsi ya soma tsallake saƙo, da azahar ya ɗauke, bayan la'asar ya dawo. Littafin nan mai layi ne ya tona asirin, da aka jera sa'o'in aka ga shirun yana bin rana. A cikin kowane allo akwai ɗan dutse mai kaɗawa, irin na agogon hannu, wanda daga gare shi ake ƙidaya zango. Zafi yana ɗan gusar da kaɗawarsa. Kuskuren kashi goma cikin miliyan, in aka kai shi zangon 868, ya zama gocewar kusan kilohaz 9. Faffaɗar hanya ta kilohaz 125 tana haɗiye wannan, matsattsiya ba ta iyawa. Allon da ke cikin akwati a rana, a garin da zafin inuwa yake haura digiri 40, ya goce ya bar ɗan'uwansa da ke ɗaki. Aka mayar da faɗin, aka yi wa akwatin rumfa da farin fenti.

Zafin bai tsaya nan ba. Ma'aunin ruwan yana aiki ne da amsa-kuwwa: yana jefa sauti ƙasa, ya ƙidaya lokacin da zai dawo daga fuskar ruwa. Sauti kuwa yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa a digiri 20, amma a digiri 45 yana kusan 358. A tazarar mita 3, wannan bambanci ya kai santimita 13. Wato na'urar da ba a gaya mata zafin iska ba za ta ce kogi ya hau da rana ya sauka da dare, alhali bai motsa ba. Gargaɗin ƙarya kuwa guba ne. A tashi unguwa sau biyu a banza, ran na uku ba mai ɗaga kai daga matashi.

Ƙasar Maiduguri shimfiɗaɗɗiya ce, mutum zai zaci wannan alheri ne ga rediyo. Rabin alheri ne. Babu dutsen da zai tare, amma babu kuma tudun da za a hau. A tazarar kilomita 20, kamar daga Alau zuwa gari, doron duniya kansa yana tasowa a tsakiya da kimanin mita 6, ga itatuwan maina da suka yi wa garin nan rumfa, waɗanda ganyensu yake shan ƙarfin saƙo, musamman da damina, wato daidai lokacin da ake bukatarsa. Gwajin rani ba ya zama shaida a kan Satumba. Ɗaliban ba su kai Alau ba, kuma ba su yi da'awar sun kai ba. Iyakarsu lambun wani bawan Allah a bakin Ngadda, 'yan kilomitoci daga inda mai karɓa yake. Ko a nan, ɗaga eriya daga tsayin mutum zuwa kan tankin ruwa ya yi abin da ƙarin wuta bai yi ba.

Akwai kuma abin da babu kundin da zai faɗa. A garin da ya sha tashin bama-bamai, akwati mai batir da wayoyi da fitila mai ƙyaftawa, a ɗaure a bakin kogi, ba ya kama da aikin makaranta. Yana iya jawo wa mai shi abin da ba a fata, yana iya tarwatsa unguwa da gudu. Kafin a kafa komai sai da aka je gaban bulama, aka buɗe akwatin a gabansa, aka sanar da jami'an tsaro da 'yan gora na yankin, aka cire fitilar, aka rubuta a jikin murfin da Hausa da Kanuri da Ingilishi abin da yake yi. Mun lura bulaman bai tambayi zango ko bolt ba. Tambayarsa ɗaya ce: "To, Malam, in abin nan ya lalace, wa zai sani?"

Tambayar ta fi duk wadda aka yi a kan tebur nauyi. Tsarin farko shi ne na'urar ta yi shiru muddin ruwa yana ƙasa, ta yi magana in ya kai wani ƙa'idajjen tsayi. Da jin haka tsari ne mai kyau, yana tattalin batir. Amma a ƙarƙashinsa shirun lafiya da shirun mutuwa sun zama abu ɗaya. In ƙura ta rufe farantin sola, ko akuya ta tauna waya, ko ruwan da ake tsoro shi ne ya tafi da akwatin gaba ɗaya, mai karɓa zai zauna lafiya lau yana nuna babu labari, mutane su yi barci da amincin da ba shi da tushe. Gara ma babu na'urar, domin wanda ya san ba shi da mai gadi yakan kwana da kunne ɗaya a buɗe.

Aka sake wanke allo. Yanzu kowane minti goma na'urar tana aiko da ɗan gajeren saƙo ko da babu abin da ya faru: lambar saƙon, tsayin ruwa, zafin iska, ƙarfin batir. Lambar tana hawa ɗaya bayan ɗaya, saboda in 214 ya zo sannan 217 ya biyo, an san biyu sun faɗi a hanya. Mai karɓa kuma an koya masa ƙidayar lokaci. In minti talatin suka wuce bai ji komai ba, shi ma sai ya yi ƙara, da wani sauti dabam da na ambaliya. Kalmomin da aka zo nema wurinmu tun farko sai suka zama kashi biyu. Na ruwa bai ba mu wahala ba. Na shirun ne muka yi ta juyawa, domin dole ya tayar da mutum ɗaya ba tare da ya firgita unguwa ba. Muka tsaya a kan, "Ma'auni ya daina magana, a je a duba."

Wanda zai je ɗin ma sai da aka yi shawara. Tun da aka hana hawa babur a garin nan a 2011, keke ne abin hawan mai sauri a lungu. Ɗalibai biyu da ɗan mai lambun suka raba kwanakin mako a tsakaninsu. Sun gwada tafiyar da rana, sun gwada ta bayan isha da tocila, suka rubuta a littafin nan mai layi: minti 25 in ƙasa ta bushe. Layin da ke ƙarƙashinsa an bar shi fari, an rubuta masa "Agusta" a gefe.